Kasane ko Mfuwe: ina za ka nufa in giwa kake son gani da idonka?

Wani yayanmu mai shagon yadi a babbar kasuwar Kaduna ne ya tsare ni ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, wai shi fa bana ya gaji da Dubai, yara sun girma, so yake ya kai su inda za su ga giwa ta gaske a daji ba a talabijin ba. An ba shi sunayen garuruwa biyu, Kasane a Botsuwana da Mfuwe a Zambiya, to wanne zai ɗauka? Na ce yaya wannan ba maganar tsaye ba ce, bari in zauna in rubuta maka, in ya so duk mai irin wannan niyya shi ma ya amfana.

Mu fara da abin da muka sani, wato Yankari, don shi ne ma'auninmu. Yankari daji ne mai faɗin murabba'in kilomita 2,244, kogin Gaji ya ratsa shi, ga ruwan ɗumi na Wikki da ba ya canja ɗuminsa dare da rana, kuma har yanzu akwai giwaye a ciki, sai dai ba su da yawa kuma dajin da girma, ganinsu sai an taki sa'a. Duk wanda ya taɓa zuwa da rani ya ga yadda dabbobi ke gangarowa bakin Gaji shan ruwa, to ya riga ya gane sirrin Kasane da Mfuwe gaba ɗaya. Ƙananan garuruwa ne a bakin kogi, a ƙofar babban daji, idan rani ya yi tsanani ruwan cikin daji ya ƙafe dole kowace dabba ta zo kogi, kai kuma kana nan kana jira. Bambancin kawai yadda kowane kogi yake ba ka damar kallon.

Kasane tana can ƙuryar arewacin Botsuwana a bakin kogin Chobe. Garin bai kai ko rabin Kawo ba, a ƙidayar 2011 mutanensa dubu tara ne da 'yan kai, babban titi ɗaya ne ya bi gefen kogi, otal-otal a jere, ga manyan kantuna, banki, gidan mai, asibiti, filin jirgi kuma mintuna kaɗan daga cikin gari. Abin da zai fara ba ka mamaki shi ne gadu yana kiwo a bakin titi kamar yadda akuya ke yi a Tudun Wada, babu mai ko kallonsa, birai na tsalle kan rufin motoci, da dare kuma giwa na iya tsallaka titi ta wuce kogi don babu shinge tsakanin gari da daji. Shi ya sa ake hana baƙo yawon ƙafa bayan magariba, kuma ba wasa suke ba. Akwai wata tsohuwar kuka mai kogo a harabar ofishin 'yan sanda, a cikinta ake kulle masu laifi a zamanin Turawa, ka tsaya ka nuna wa yara, minti goma ya isa.

Amma abin da ke kai mutane Kasane jirgin ruwa ne. Wajen ƙarfe uku na yamma ake tashi, a yi kamar awa uku a kan ruwa har faɗuwar rana. Botsuwana ita ce ƙasar da ta fi kowace ƙasa yawan giwaye a duniya, kimanin 130,000, kuma kaso mai tsoka nasu a wannan yanki na arewa suke. Da rani za ka ga garke bayan garke suna gangarowa daga tudu, ƙura na tashi, uwa a gaba 'ya'ya a tsakiya, su sha su yi wanka su shafe jikinsu da taɓo, wasu kuma su faɗa ruwa su yi iyo zuwa tsibirin Sedudu inda ciyawa take kore shar, ba abin da kake hange sai ƙoƙon kai da haurensu da hancin nan a sama kamar bututu. Direban jirgi sai ya kashe inji ruwa ya riƙa tura ku a hankali har ka ji ƙarar tsinkar ciyawa a bakinsu. Ga ɓauna ɗaruruwa, ga dorina ta buɗe baki, ga kada kwance a gaɓa ko motsi ba ya yi. Mu da sunan garinmu ma daga kada ya samo asali, amma 'ya'yanmu nawa ne suka taɓa ganin kada mai tsawon mota yana shan hantsi a kan yashi?

Shi wannan tsibiri na Sedudu ma yana da labari. Namibiya ce a ɗaya gaɓar kogin, su suna ce masa Kasikili, ƙasashen biyu suka yi ta jayayya a kansa har sai da aka je kotun duniya, a Disambar 1999 ta ce na Botsuwana ne. Za ka ga tutarsu a kafe a tsakiyar ciyawa giwaye na kiwo a gindinta.

Me ya sa nake jaddada jirgin ruwan? Saboda shi ne ya dace da iyali. Hajiya ba sai ta sha girgizar mota a kan yashi ba, ƙaramin yaro zai iya tashi ya miƙe ƙafa, manyan jiragen suna da banɗaki da rumfa, tsoho mai ciwon baya ma zai zauna lafiya. Kuma da wuya ƙwarai mutum ya shiga jirgin nan a watan Agusta ko Satumba ya dawo bai ga giwa ba. Da sassafe kuma sai a shiga gandun dajin Chobe da mota ta ƙofar Sedudu, can ake neman zaki da raƙumin dawa da gwanki. Gandun an kafa shi a 1967, faɗinsa ya haura murabba'in kilomita 10,000, wato ya ninka Yankari sau huɗu da ɗoriya, amma baƙon kwana uku gefen kogin kawai zai gani, kuma ya ishe shi.

To ina aibun Kasane? Cunkoso. Gaskiya cunkoso. Magangarar ruwa ta Victoria kamar kilomita 80 ce daga nan, don haka kullum motoci na kwaso 'yan yawon buɗe ido daga Zimbabuwe da Zambiya su yini su koma. Idan aka ga zaki ɗaya direbobi sai su sanar da juna, kan ka ce kwabo motoci goma sun zagaye shi kamar fasinja ɗaya a tashar Mando. A kan ruwa ma haka, da yamma jirage na bin juna. Sannan dokar gandun ba ta yarda da yawon dare ba, rana na faɗuwa kowa ya fita, ba ta kuma yarda ka sauka ka taka da ƙafa ba sai a wuraren da aka keɓe. Wanda yake son shiru da kaɗaici zai ji kamar an kawo shi kasuwa ce ta giwaye.

Mfuwe kuwa wata duniya ce daban. Tana lardin gabas na Zambiya a cikin kwarin Luangwa, kuma in ka ce mata gari ma ka girmama ta, ƙauyuka ne a jere a gefen titin da ya taso daga filin jirgi zuwa gadar shiga gandun, masu kekuna, 'yan tireda, mata masu tallan tumatir da busasshen kifi, gonakin masara da auduga, kai ka ce hanyar Giwa zuwa Funtuwa kake bi. Gandun dajin Luangwa ta Kudu ya zama gandun ƙasa a 1972, faɗinsa murabba'in kilomita 9,050. Masaukai da yawa suna wajen gandun a bakin kogi, dabbobin ba ruwansu da iyaka, dorina na fitowa da dare ta yi kiwo a gaban ɗakinka, maigadi ne ke raka ka da tocila daga wurin cin abinci zuwa ɗaki. Akwai ma wani masauki, Mfuwe Lodge, da ya yi suna saboda giwaye na ratsawa ta cikin zauren karɓar baƙi wajen Oktoba da Nuwamba don su kai ga wani icen mangwaron daji da ke harabar, tun kafin a yi ginin hanyarsu ce.

Kogin Luangwa da rani ja da baya yake yi sosai, ya zama yashi da 'yan tafkuna, dorinai su cunkushe wuri ɗaya ɗaruruwa suna gurnani, don haka ba kogin jirgin ruwa ba ne sai da damina in ya cika. A nan ta bakin gaɓa ake kallo, da mota ko da ƙafa. Abubuwa biyu ne Mfuwe ta fi Kasane da su nesa ba kusa ba.

Na farko yawon dare. Ana fita da la'asar, rana ta faɗi kuna ciki, sai yaron mota ya kunna babbar fitila ya riƙa haska daji, idanuwa na ƙyalli ta ko'ina. A nan ake ganin damisa. Kwarin Luangwa na cikin wuraren da suka fi shahara da damisa a Afirka kaf, kuma ita dabba ce mai sirri, da rana tana kan reshe a ɓoye, dare ne nata. Mu da muka tashi da jin ana cewa damisa ƙi sabo, ka gan ta tana tafe a gefen motarka ko kallo ba ka ishe ta ba, wallahi tsigar jikinka sai ta tashi. Ga kura, ga beguwa, ga tunku da ire-irensu da ba a ganinsu da rana sam. Akwai kyarkeci ma in an dace.

Na biyu tafiyar ƙafa. A wannan kwari aka fara wannan salon, wani Bature Norman Carr ne ya assasa shi tun shekarun 1950. Za ku fita da asuba ku kamar shida a layi ɗaya, ma'aikacin gandu da bindiga a gaba, jagora na bin sa yana nuna muku sawu, wannan na zaki ne ya wuce da dare, wannan kashin kura ne shi ya sa ya yi fari don ƙashi take ci, ku tsaya iska ta juya kar giwa ta ji warinmu. Duk wanda ya taɓa bin maharba ko ya yi kiwo yana yaro a ƙauye zai ji kamar an mayar da shi gida. Amma fa yawanci ba sa ɗaukar yaron da bai kai shekara 12 ba, kuma ba a surutu, ba a gudu ko me ya faru. Yaya, ka duba autanka ka faɗa min gaskiya ko zai iya minti biyar bai yi magana ba.

Akwai kuma dabbobin da sai a can, kamar raƙumin dawa irin na Thornicroft wanda a kwarin Luangwa kaɗai yake rayuwa a duniya. Wajen Satumba da Oktoba wasu jajayen tsuntsaye masu cin ƙudan zuma suna zuwa dubbai su haƙa ramuka a bangon gaɓar kogi, gaɓar ta yi ja wur. Giwaye akwai su sosai, sai dai ba irin tururuwar Chobe ba. Karkanda kuma kar ka sa rai, ko can ko nan. Abin da zai dame ka a Luangwa shi ne tsando, cizonsa kamar allura, yana son baƙin kaya da shuɗi, don haka a bar shuɗiyar shadda a gida a sa ruwan ƙasa.

Yanzu maganar hanya, wadda a ganina ita ce ke yanke hukunci ga mai fasfon Najeriya, ba dabbobi ba. Daga Kaduna dai jirgin ƙasa za ka hau a Rigasa zuwa Abuja, ko ka nufi Kano, sannan jirgin Habasha zuwa Adis Ababa. Masu tuni za su tuna 2017 da aka rufe filin jirgin Abuja na sati shida jirgin Habasha ya riƙa sauka a nan Kaduna, a lokacin har mun fara jin kanmu. Daga Adis akwai jirgi zuwa Lusaka, daga Lusaka kuma ƙaramin jirgin Proflight ya kai ka Mfuwe cikin awa ɗaya da 'yan mintuna. Ƙasa ɗaya, biza ɗaya, an gama. In kana son tsimi akwai bas daga Lusaka zuwa Chipata, tafiyar kusan kilomita 570, yini guda cur, sannan wata tafiyar fiye da kilomita 100 zuwa Mfuwe, amma da mata da yara ban ba ka shawara ba.

Kasane ta fi rikitarwa a takarda duk da ta fi sauƙi a ƙasa. Ana iya shiga ta Johannesburg a hau jirgin Airlink kai tsaye, ko a shiga ta Gaborone, ko kuma a sauka a filin jirgin Victoria Falls a Zimbabuwe ko Livingstone a Zambiya a ƙarasa da mota. A Kazungula, 'yan kilomitoci daga Kasane, ƙasashe huɗu ne suka kusa haɗa kai: Botsuwana, Zambiya, Zimbabuwe da Namibiya. A watan Mayun 2021 aka buɗe gadar Kazungula a kan kogin Zambezi mai tsawon mita 923, an lanƙwasa ta da gangan don kar ta taɓa ƙasar Zimbabuwe ko Namibiya, kafin nan da fito ake tsallakar da tireloli su yi kwanaki a layi. To Bature zai tsallaka waɗannan iyakoki kamar yana zuwa Barnawa daga Kakuri, kai kuwa kowace ƙasa da tata bizar, kuma in za ka fita ka dawo sai ka tabbatar bizarka ta shiga fiye da sau ɗaya ce. Ta Botsuwana tun daga gida ake nema, kar ka yarda wani ejan ya ce maka a bakin boda za a buga. Katin allurar shawara kuma dole ne duk inda ka nufa cikin biyun, a sa shi cikin fasfo tun yanzu.

Amma wahalar bizar tana da lada, don mai zuwa Kasane yana jifan tsuntsu biyu da dutse ɗaya. Magangarar Victoria, wadda mutanen wurin ke kira Mosi-oa-Tunya wato hayaƙi mai tsawa, faɗinta ya haura mita 1,700, zurfinta ya kai mita 108. Wanda ya ga Gurara ko Matsirga ya ce ya ga ruwa, to ya je can. Mfuwe ba ta da wani abu makamancin haka a kusa, daji ne kawai, in dabbobi suka gundure ka a kwana na uku babu inda za ka juya.

Lokaci kuma a lura, yanayinsu kishiyar namu ne. Yuni da Yuli, muna tsakiyar damina, su sanyi suke yi mai shiga ƙashi, fitar asuba a buɗaɗɗiyar mota sai da rigar sanyi da hular kunne kamar hunturun Jos. Oktoba zafi ne irin namu na Afrilu, a kwarin Luangwa ma ya fi tsanani, amma a lokacin ne dabbobi suka fi taruwa a kogi. Daga Nuwamba zuwa Maris ko Afrilu damina ce, daji ya yi duhu, dabbobi su watsu, hanyoyin Luangwa da yawa su zama laka har wasu sansanoni su rufe, Kasane kuwa tana aiki duk shekara. Wani abu kuma, a Oktoba da giwa ta fi yawa a Chobe a lokacin ruwan Victoria ya fi raguwa, musamman ta ɓangaren Zambiya. Sa'ar da muka yi ita ce dogon hutun makaranta na Agusta ya faɗa daidai tsakiya, ga dabbobi ga ruwa ga sauƙin zafi, sai dai lokacin ne kuɗin masauki ya fi tsada kuma sai an kama ɗaki da wuri.

Kuɗi dai duk biyun da dala ake lissafi, kuma da yadda naira take ba sai na yi bayani ba. Kasane ta fi ba talaka zaɓi, za ka iya kama ɗaki a ƙaramin masauki cikin gari, ku sayi kayan abinci a kanti Hajiya ta yi girki, ka biya kuɗin jirgin ruwa da na mota ɗaiɗai gwargwadon aljihunka. A Mfuwe yawanci dunƙule ake biya, kwana da abinci da fita sau biyu a rana, ga kuɗin shiga gandu na kullum, ga tikitin ƙaramin jirgi na kowane kai. Akwai masu rahusa a bakin kogi, amma mutum bakwai in ka lissafa sai ka dafe kai.

Abinci ba matsala sosai. Nshima na Zambiya tuwon masara ne sak, a Botsuwana ma akwai irinsa, ga karfasa sabuwa daga kogi. A otal dai a riƙa tambaya kafin a ɗiba, don a kan jera naman alade da na gadu cikin sauran nama, ka gaya musu tun kana kama ɗaki cewa ku Musulmi ne, sun saba. A jirgin yamma ana raba giya, kai ka ce lemo. Sallah kuma ku matafiya ne, ku haɗa azahar da la'asar kafin a fita don ba inda za a tsaya maka a cikin dawa ka shimfiɗa darduma. Kuma alƙibla a can arewa take da ɗan karkata gabas, kar ka tashi ka fuskanci mafitar rana yadda muka saba, ka duba a waya. Agogonsu na gaban namu da awa ɗaya. Sauro kuwa akwai shi a duk biyun, a tafi da magani.

To yaya, ga amsata. Da Hajiya da yara biyar da kwana huɗu ko biyar a hannunka, ka tafi Kasane a watan Agusta, jirgin ruwa sau biyu, mota sau biyu, kwana ɗaya a ware wa Victoria in bizar ta samu. Yaran nan giwa suka ce suna so, kuma a can ne za su ƙirga har su gaji su daina. Mfuwe ka bar mana ita, ni da kai da babban ɗanka, shekarar da kasuwa ta yi kyau mu je mu yi sati muna bin sawun damisa. Ni a raina Mfuwe na fi so, ba zan ɓoye ba, amma ba ni zan zauna da yaro ɗan shekara shida a bayan mota awa huɗu cikin duhu ana ce masa ya yi shiru ba. Fasfon yaran dai ka ciro su daga durowa ka duba, in akwai wanda saura ƙasa da wata shida ya ƙare a fara sabunta shi kafin a taɓa maganar biza.